Aljanun Longsight Sun Gaji da Jiranmu

Shekara bakwai ke nan da Allah Ya yi wa abokina Sa'idu rasuwa, amma har yau in na ɗauki hanyar Manchester daga Birmingham, cikina kan fara ƙugi tun ban yi rabi ba. Ya saba a ƙarshen tafiyar akwai masa da miyar taushen Hajiya Rabi, matarsa. Na yi wa cikin nan bayani har na gaji, ya ƙi ganewa.

Sa'idu injiniya ne, amma ba aikinsa ya haɗa mu ba. Wani wasa ne da ya koyo a jami'a: a zauna a kewaye tebur, mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya zama wani a cikin labarin, ya faɗi abin da zai yi. Turawa da dodanninsu suke yi. Shi kuwa sai ya kwaso aljanun garinmu kaf ya zube su a Longsight, unguwarsu a Manchester. Akwai aljani direban bas a Stockport Road, akwai maye mai gyaran na'urar ɗumama gida da ba ya zuwa ranar da ya ce, akwai Inna Laraba, tsohuwar aljana mai ƙosai a kasuwa, wadda ke ɓoye mu duk lokacin da muka jawo wa kanmu.

Mu uku ne 'yan wasansa: ni daga Sparkhill, Nura mai kemis daga Lozells, duk unguwannin Birmingham, da babbanmu Dakta Bello, likitan unguwa. Ranar farko Dakta ya ce ƙwayar nan mai lambobi irin ta lido da ake jefawa a wasan ta yi kama da caca, sai Sa'idu ya rubuta lambobi a marafan kwalba ya zuba a hularsa, muna zara. Ƙatti da furfura, hannu a hula, ana bismillah.

Matsalar ita ce wasan na zaɓi ne, mu kuwa tarbiyya ta hana mu. In labari ya rabu biyu, Nura ya dube ni, in dubi Dakta, don ba a yi wa babba shisshigi, shi kuma ya gyara tabarau ya ce, "To, ku dai ku duba abin da ya fi." In muka haɗu da dodo, sai mun tambaye shi gajiya da iyali, mu nemi a yi sulhu. Na rantse akwai dodon da ya tsufa ya yi ritaya muna gaisawa. Sa'idu ya dafe kai ya ce, "Jama'a, dodo ne fa! Ba surukinku ba ne!" Dokarsa ɗaya ce: abin da ka furta ya zauna, ba a komawa baya. Shi ya sa ba ma furtawa.

A zamanmu na ƙarshe ya kai mu bango. Sarkin aljanun ruwa ya ce ko mu miƙa masa Inna Laraba, ko duk Bahaushen da ke Longsight ya wayi gari ya manta hanyar gida. Muka yi ta kallon juna har la'asar ta yi sanyi. Sa'idu ya ce mu je mu yi tunani, sai zama na gaba. Kafin ranar ta zo, zuciyarsa ta tsaya a wurin aiki. Bai taɓa rubuta labarin ba, a kansa yake, ya tafi da shi.

Nakan tuna shi in na ga ɗana yana buga wasannin bidiyon nan na manya, masu zaɓi irin namu. Hoto kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Amma kafin kowace mararraba sai ya adana wasan, in sakamakon bai yi masa ba ya koma ya sake, in ya gaji ya kalli duk ƙarshen labarin a intanet yana cin taliya. Da Sa'idu na nan da ya yi masa huɗubar da za a ji ta a Kano. Ni dai nakan ƙyale shi. Shekarun nan sun sa na fahimci mai son komawa baya.

Bayan rasuwar muka watse a hankali. Sai sunan jika, sai jana'iza. Amma duk inda muka haɗu wani zai ce, "Wai ya za mu yi da Inna Laraba?" mu yi dariya, mu ɗan daɗe a tsaye a wurin motoci. Ita kaɗai ta rage mana ta hira.

Watan jiya Amira, babbar 'yar Sa'idu, ta kira ni. Ta ji Dakta ya ajiye aiki zai koma Kano gaba ɗaya. "Baffa Lawan, ku zo mu gama story ɗin Daddy kafin ya tafi. Ni zan ja." Muka taru a falon Hajiya Rabi. Yarinyar na ba da labari da Hausarta mai tafiya da sanda, aljanu na magana da harshen 'yan Manchester. Da aka zo wurin zaɓi, Nura ya dube ni, na dubi Dakta.

Dakta ya ce, "Ba za mu ba da ita ba. Matar da ta ciyar da mu? Hanyar gida kuwa, ai da yawanmu mun manta ta ba tare da wani aljani ya sa hannu ba."

Amira ta ƙarasa labarin yadda ta ga dama. Ko haka ubanta ya tsara, Allah kaɗai Ya sani. Nura ya yi tafi, Hajiya Rabi ta shige kicin ta daɗe ba ta fito ba.

In aka ce in auna abin da Sa'idu ya bari, ba gadojin da ya zana zan fara ambata ba. Ya bar wa dattawa uku tambayar da ta riƙe su shekara bakwai, a ƙasar da abota ke mutuwa saboda kowa na aiki. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Yanzu mun amsa ta, Dakta na ɗaure kaya. A hanyar dawowa Nura na gefena, muka kai har Birmingham, babu sauran Inna Laraba da za mu yi hira a kanta.