Ƙyamaren Baba Ogunwale

A layinmu na Isale-Oja akwai tsofaffin benaye bakwai, tun na zamanin da noman koko ke tashe. Duk ƙyamaren tagoginsu mahaifin Baba Ogunwale ne ya sassaƙa da icen iroko, kowane gida da zanensa: na su Alaja tsuntsaye, na gidan fasto ganye, namu kifaye biyu suna bin juna. Da tsohon ya rasu, Baba ya gaji sana'ar, ya gaji ƙyamaren kamar 'ya'yan riƙo. Damina na ƙaratowa za ka gan shi da tsani a kafaɗa da gwangwanin mai, yana bin gida-gida, ba wanda ya kira shi. Ya shafe ƙyaure, ya buga ƙusa, ya zagi masu gidan tas, ya ci abincinsu, ya wuce.

Ni na ɓata tsarin. Shekarar da za mu yi bikin juya mahaifinmu Adisa bisa al'ada, wanda ya shekara goma kwance a kabarinsa na baranda kan gefe ɗaya, na dawo daga Ibadan da tumbi da sabon ra'ayi. Na ce manyan baƙi ba za su tarar da tagogin kakanni ba. Na sa aka ɓalle ƙyamare goma sha biyu, aka jibge su a bayan benen, aka kafa gilashi. Satin da Baba ya tafi asibitin ido aka yi aikin. Kada ku tambaye ni ko da gangan ne.

Ranar biki itace ya ƙare wa masu girki. Gwaggona, Iya Risika, ta leƙo.

"Kolade, tarkacen katakon nan na bayan bene fa?"

"Ku yi yadda kuka ga dama, Gwaggo," na ce, ina gyara hula.

Baba ya iso da auduga a ido ɗaya, ya share malmala biyu ta amala.

"Ɗan Adisa, yau kam gidanku ya yi abin kirki. Wace ce ta tuƙa?"

"Ni ce, Baba!" in ji Iya Risika. "Amma icen ne gwani. Iroko busasshe, har da kifi a jikinsa!"

Ya ajiye lomar. Ya wanke hannu, ya nufi wurin masu girki, ya zaro ƙyaure na ƙarshe daga murhu yana hayaƙi, ya rungume shi da sabuwar rigarsa, ya fita. Mutumin da zaginsa bai bar ko fasto ba, ni bai zage ni ba.

Da bazara ta kama, mahaifiyata ta ce ɗakinta ya zama tanda. Na je na zube wa Baba rub da ciki.

"Tashi," ya ce. "Tumbinka ne ya gaishe ni, goshinka bai iso ba."

Na roƙe shi ya sassaƙa mana sababbi.

"Da wane ido? Da wane ice?"

Washegari ya zo da ƙyauren nan guda, ya kankare ƙunar, ya kafa shi a tagar mahaifiyata. Kifi ɗaya ba kai.

Har yau duk damina yana zuwa ya shafe shi, ni ke riƙe masa tsani. Na ga yana zagin gidaje shida yana cin abincinsu. Namu kuwa sai ya yi godiya, ya ce ya ƙoshi. Shekara huɗu ke nan ina jiran zagin nan.