Bayan goɗiya

Jiya na ga gyambo a gadon bayan goɗiyarmu, ƙuda na binsa. Ƙanena ne ya hau ta zuwa kasuwar Mallawa a kan sirdin buhu, ya dawo ya ɗaure ta ko dubawa bai yi ba. Na yi faɗa har muryata ta dushe, sannan na zauna ina tuna Baffa, yayan mahaifinmu.

Shi ma bai taɓa mallakar sirdin katako ba. Tsumma yake cusa wa buhu gefe da gefe, ya bar kwari a tsakiya don kada nauyi ya sauka kan ƙashin baya. In ya sauka, kafin ya sha ruwa sai ya bi bayan dabbar da tafin hannu, yana laluben inda ya yi zafi.

Wata rana can baya, da zan je Bande duba Inna da ba ta da lafiya, na taka likkafa daga ƙasa, sirdin ya juye, na sha ƙasa.

"Ke, uwar gaggawa," in ji Baffa, "kife turmi ki taka. Wannan sirdin ba ya riƙe mutum, ke za ki zauna daidai."

"Baffa, sauri fa nake yi!"

"Dabbar ce za ta yi tafiyar, ba ke ba."

Yau goɗiyar ko taɓa ta aka yi sai ta zabura. Na gaji da maimaita maganar Baffa ga mutanen da suka saba da babur. Allah Ya sassauta masa nauyin ƙasa, yadda ya sassauta wa marasa baki.