Ranar da Giyata Ta Koma Kunu

Akwai abin da mutum zai so ya manta, amma zuciya ta ƙi ba shi haɗin kai. Nawa shi ne ranar da saura ƙiris wani dattijo ya kurɓi giyar da na dafa da hannuna, da sunan kunu, a falonmu da ke birnin Lyon. Shekaru sun wuce, amma har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wannan yini ba, kuma duk lokacin da na tuna sai haushin kaina ya dawo min sabo.

Ni Kirista ne, asalina kudancin Kaduna, amma a Zariya na tashi. Aikin injiniya ne ya kai ni Faransa. A lokacin ina zaune a unguwar Vaulx-en-Velin, hawa na biyar, tare da wani mutumin Maraɗi da ke karatun digiri na uku. Musulmi ne, mai sanyin hali, kuma mun shekara biyu tare ko musu ba mu taɓa yi ba. Shi ne Bahaushen da nake hira da shi in na gaji da karya harshe da Faransanci.

Bakina ne ya jawo min komai. Wani Bature abokin aikina ya kawo giyar da ya dafa a gidansa yana ta yi mana alfahari, ni kuma na ce masa ai wannan wasan yara ne, kakata ce gwanar burukutu a duk ƙauyenmu, abin a jinina yake. Ban taɓa dafa ko cokali ɗaya ba. Washegari sai ga shi da kaya niƙi-niƙi ya ba ni aro: ƙaton bokitin roba mai murfi da famfo, tiyo, ma'aunin zafi, tsiron sha'ir, yis, da wani ganye mai ɗaci. Ya ce nan da wata guda yana jiran ya ɗanɗana gadon kakata.

Na tambayi abokin zamana kafin in fara. Ya ce, "Gidanka ne kai ma. Amma don Allah kada ta taɓa tukunyata, kuma kada in gan ta." Na ce wannan ai mai sauƙi ne.

Babu abin da ya zo da sauƙi. Ranar Asabar na fara da hantsi, ina tsammanin kafin azahar na gama. Ashe rabin aikin wanke-wanke ne. A wanke bokiti, a wanke tiyo, a wanke cokali, in cokalin ya taɓa tebur a sake wankewa. Sannan a jiƙa tsiro cikin ruwan zafi a tsare shi awa guda, kada zafin ya hau, kada ya sauka, ni kuma murhunmu bai san tsakiya ba. Da na juya in ɗauko ganyen nan, tukunya ta tafaso ta malale murhu da wani ruwa mai danƙo kamar na alewa. Na kwashe ta zuwa bahon wanka don ta huce, na zauna ina gadinta, abokin zamana na tsaye bakin ƙofa da buta a hannu yana jiran ya yi alwala. Cikin takaici na kira gwaggona a gida in nemi shawara. Da ta ji ina maganar ma'aunin zafi, dariya ta yi har da tari.

"Kakarka da ɗan yatsa take gwadawa," ta ce. "Duk karatun nan naka, giya ce ta gagare ka?"

Sai bayan la'asar na juye abin a bokiti, na zuba yis, na rufe, na tura shi cikin wani ɗan kabad da ke jikin falo. A saman murfin akwai ɗan bututu mai ruwa a ciki, ta nan iska ke fita. Kashegari ya fara ƙara: ɓul. Ya yi shiru. Ɓul. Takardar da Baturen ya ba ni ta ce sati biyu kada a motsa shi.

Kwana huɗu da haka abokin zamana ya shigo fuska a yamutse. Akwai yarinyar da yake nema, 'yar Damagaram, kuma mahaifinta ya wakilta ƙanensa, wani Alhaji da ya daɗe a Paris, ya zo ya ga inda yaron yake zaune da irin mutanen da yake hulɗa da su. Ranar Lahadi zai hawo jirgin ƙasa.

"Ka fitar da bokitin nan," ya ce.

"In kai shi ina? Lita ashirin, hawa biyar, ga lif ya lalace. In ya girgiza ya ɓaci."

"To ya ɓaci mana! Aurena ne fa, abokina."

Yau in na tuna amsar da na ba shi sai kunya ta kama ni. Cewa na yi na sha wahalar yini guda a kan abin nan, kuma wa zai buɗe kabad a gidan mutane? Na lulluɓe bokitin da bargo biyu, na rufe ƙofa, muka kasa kunne, ba mu ji komai ba. Ban lura motoci ne a titi suke rufe ƙarar ba. Shi kuma da yake ba mai jan magana ba ne, sai ya ƙyale ni.

Alhaji ya iso kafin azahar, dogo, fari tas da furfura, cikin farar shadda. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi aikina da iyayena, da na ce masa ni Kirista ne ya ce madalla, zama lafiya ai ya fi zama ɗan sarki. Muka ci shinkafa da miyar da abokin zamana ya yi ta fama da ita tun safe. Suka yi salla, ni na koma kicin. Komai na tafiya daidai. Bayan sun idar Alhaji ya ce a rufe taga, sanyi na damun gwiwarsa. Aka rufe. Falo ya yi tsit, Alhaji yana jan carbi.

Ɓul.

Ya ɗaga kai. Na shiga tari na ƙarya. Ɓul.

"Mi ne ne wannan ke kuka cikin kabad?" ya tambaya.

Kafin in buɗe baki, sai abokin zamana ya riga ni. "Kunu ne, Baba. Kunun zaki ne abokina ya haɗa, yana jiran ya yi tsami."

Fuskar dattijon ta washe. Ya ce rabonsa da kunun zaki irin na Najeriya tun wata tafiya da ya yi Kano yana saurayi. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ɗebo min ko rabin kofi."

Na ce bai nuna ba tukuna. Ya ce ba komai, shi da ma mai ɗan gardi ya fi so. Na kalli abokin zamana, ya kafe idonsa a kan darduma kamar yau ya fara ganinta. Har yanzu ban gane abin da ya shiga kaina ba. Na tashi, na buɗe kabad, na yaye bargo, na murɗa famfo, na cika kofi da wani ruwa mai kumfa. Ina tafe ina cewa a raina yanzu zai yi magana, ai surukinsa ne, ai shi ya yi ƙaryar. Shi kuma, kamar yadda ya gaya min daga baya, yana can yana cewa yanzu zan yi tuntuɓe da gangan in zubar. Kowa na jiran ɗan'uwansa, har kofi ya isa hannun Alhaji.

Ya ce, "Bismillahi," ya ɗaga.

Na cafke wuyan hannunsa. "Baba, kada ka sha! Giya ce!"

Rabin kofin ya kife a kan farar shaddarsa, daga ƙirji har cinya. Warin ya cika falon. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mana sauƙi. Ya ajiye kofin a hankali, ya dubi rigarsa, sannan ya dubi abokin zamana.

"Shi addininsa daban ne, kuma ya faɗa min tun da na shigo," ya ce. "Kai fa? Ina zaune a gabanka na ambaci sunan Allah, kana kallo."

Ya nemi a ba shi wata riga. Haka dattijon nan ya koma tashar jirgi cikin jallabiyar abokin zamana da ta tsaya masa a ƙwauri, tasa a ƙunshe cikin leda, ya kuma hana kowa ya raka shi.

Kwana goma abokin zamana bai ce min ko sannu ba. Daga Damagaram aka aiko cewa a dakata da maganar aure tukuna. Ni kuwa haushi ya rasa inda zai sauka: ina jin haushinsa don ya yi ƙarya, ina jin haushin Baturen da ya ba ni bokiti, amma na fi jin haushin kaina, don na san da na saukar da abin nan ranar da aka roƙe ni da babu ƙaryar da za a yi.

Asabar ta biyu na hau jirgi zuwa Paris. Na samu Alhaji a wani ƙaramin gidan abinci a unguwar Belleville inda yake zama da abokansa. Na durƙusa na gaya masa komai, cewa yaron ya roƙe ni in fitar da bokitin na ƙi, tsoro ne ya sa shi ƙarya ba hali ba. Ya saurare ni har na gama.

"Shekara nawa na yi ina aiki a kasuwar Rungis tare da masu shan giya," ya ce. "Ba wanda ya taɓa miƙo min ya ce ruwa ne. Da kun ce min giyar abokinsa ce, da na ce a buɗe taga, shi ke nan. Tashi, kai ka riƙe hannuna, na gode. Shi kuma ka ce masa ya zo da ƙafarsa, ba a aiko wakili wajen ba da haƙuri."

Ya je. Sau biyu ma, don zuwan farko Alhaji bai ba shi fuska ba. An ɗaura auren, amma sai da aka ƙara wata biyar a kan lokacin da aka tsara, kuma sai da muka daɗe kafin hirarmu ta koma yadda take.

Giyar kuwa, da na buɗe kabad a gurguje ranar nan ashe na ture murfin, iska ta shiga. Da sati biyu suka cika na ɗanɗana, tsami kamar ruwan tsamiya. A masai na juye lita ashirin ɗin. Na ci gaba da dafawa daga baya, a garejin Baturen nan, har hannuna ya faɗa, amma ban sake kawo ko kwalba ɗaya gidan da nake tarayya da wani ba.

Abin da na koya shi ne, in mutum ya yi maka kara ya bar ka da abin da kake so, ranar da ya ce ka ɗauke, ka ɗauke kawai, kada ka tsaya auna wahalar da ka sha. Taurin kaina ne ya tura mutumin kirki ya yi ƙarya a gaban surukinsa, kuma abin da muka ɓoye bai kai ɓoyewar muni ba.