Ranar da Aka Nuna Abokina a Tele

Mu biyu gwamnati ta tura Faransa koyon kiɗa, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Ni ɗan tela ne daga bakin Babbar Kasuwar Yamai. Shi kuwa abokina Bazabarme ne ɗan Goudel, can gefen gari a bakin kogi, mahaifinsa masunci. Hausarsa ta kasuwa ce, da ita muke hira. Ni na fi shi karatu nesa ba kusa ba. Ina karanta rubutun kiɗa kamar wasiƙa, ina busa kilarinet har malaminmu ya gyaɗa kai. Shi kullum a baya yake, abin da ya iya tsakani da Allah shi ne molonsa mai tsirkiya uku da ya zo da shi a cikin buhu.

A gidan wata tsohuwa aka sauke mu, muna ce mata Madam. A falonta na fara zama gaban tele. A Yamai na taɓa leƙa ta taga na ga irin wadda ake koya wa yara karatu da ita a lakwal, wato makarantar boko, shi ke nan. A can kuwa kowace Lahadi da rana Madam za ta yaye ƙyallen da take rufe akwatin da shi, daga nan ko gaisuwa ba ta amsawa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne makaɗansu. A wajenmu makaɗi a ƙasa yake zama, yana kiran sunan wani, yana wasa kakanninsa. A tele sai na ga an ba makaɗi kujera, mai gabatarwa yana tambayarsa ra'ayinsa, yana kiransa da girma. Ya yi waƙarsa bai yabi kowa ba, kuma aka tafa masa. Tun ranar na sa wa raina wata rana ni ma zan zauna a kujerar nan. Na ƙara awa biyu a kan busata kullum.

A shekara ta biyu wata mata daga gidan tele ta zo makarantarmu tana neman ɗalibi daga Afirka. Na busa mata abin da na fi gwanancewa a kai. Ta ce ya yi kyau, tana duba agogo. Sai ta hangi wuyan molo a buhun abokina.

Da muka koma gida ya shigo ɗakina yana sosa ƙeya.

"Ɗan tela, sun ce ba su son kwat. Ka ara mini babbar rigarka."

Rigar nan babana ne ya ɗinka da hannunsa, ban taɓa sa ta ba. Na ɗauko na miƙa masa.

Ranar Lahadin Madam ta kira maƙwabta har mutum shida. Aka fara da wani mai karnuka masu rawa, sannan ga abokina, ba takalmi, cikin rigata. Ya soma doguwar gaisuwa, mai gabatarwa ya katse shi da dariya. Kujerar ma ba su ba shi ba, tabarma suka shimfiɗa. Na riƙe wannan a zuciyata ina jin sanyi. Amma da ya taɓa tsirkiya falon ya yi tsit. Waƙar masunta ya yi, wadda yake yi mini in kewar gida ta kama mu. Madam ta share ido. Wani maƙwabci ya juyo ya tambaye ni ko ni ma na iya wani abu.

Bayan nan mai burodi ya riƙa gaishe shi a titi. Ni nake tafiya a gefensa da akwatin kilarinet.

Da muka dawo Yamai ya roƙe ni in raka shi Goudel. Mahaifinsa bai taɓa son molon ba, yana ganin abin kunya ne a gidansu. Muka same shi bakin kogi yana gyaran raga tare da ƙannen abokina biyu. Abokina ya ba su labari da Zabarmanci, suna kallonsa, don babu wanda ya taɓa ganin tele a cikinsu. Tsohon ya juyo gare ni da Hausa.

"Yarona, kai kana wurin. Gaskiya ne duk ƙasar ta gan shi?"

Ni kaɗai ne shaida. Na ce, "Gaskiya ne, Baba. Bayan karnuka masu rawa aka sa shi, a kan tabarma."

Ƙannen suka yi dariya. Tsohon bai yi ba, ya mai da kansa ga ragarsa. Ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba, kuma na san abin da na bari ban faɗa ba.

Abokina ya rako ni har bakin hanya. Uwarsa ta ba shi kifi da salati daga lambu a kai wa gidanmu, shi ya riƙe mini har mota ta zo. Ya ce in gaida babana. Na samu aikin koyarwa a lakwal, shi kuma ya shiga wata ƙungiyar makaɗa. Muna gaisawa in mun haɗu a biki ko jana'iza, amma bai sake kirana ɗan tela ba, sai dai malam.