Shafin Dawowa

Maigidana bai taɓa ganin teku ba. Makanike ne a ma'aikatar jirgin ƙasa, kuma ruwa mafi girma da ya sani shi ne kogin Kaduna a Zungeru. Amma ya yi shekaru yana ƙera jirgin saman yaƙi, irin wanda yake tashi daga bayan jirgin ruwa ɗauke da bam mai tafiya cikin ruwa. Kawunsa, tsohon soja, ya ba shi labarin irinsu. Sauran shi ya ƙaga da kansa.

A tsakar gidanmu da ke unguwar Kpakungu yake aikin, da gwangwanayen madara. Jirgi na farko kansa ya yi nauyi, ya riƙa kifewa. Na biyu ya sa masa hinjin taga don fikafikan su naɗe. Na uku ya yi masa ƙugiya a wutsiya, irin ta haɗa taragu, wadda za ta kama igiya idan ya sauka. Bam ɗin tsohon famfon keke ne. Bencinmu shi ne jirgin ruwan, sai da na haƙura da zama a kansa.

Yana da littafi da yake rubuta tarihin jirgin, yadda suke yi wa injuna a wurin aiki: shafin hagu na tashi, na dama na dawowa. Da safe zai rubuta cewa jirgi ya tashi da mutum uku, da yamma in ya dawo gida ya sauko da su. Maƙwabcinmu kafinta yana yi masa tsiya, wai wane irin jirgin yaƙi ne wannan, shekara da shekaru bam ɗinsa bai taɓa samun kowa ba. Shi kuwa ya ce ba ruwansa da bam, mutanensa dai su dawo.

Ranar da maigidana ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, ya cika shafin hagu kafin ya fita. Bai dawo ba.

Duk tsawon takabata littafin yana ƙarƙashin matashina. Na san ƙage ne. Duk da haka in na tuna akwai mutum uku a sama ba wanda ya sauko da su, sai abinci ya ƙi wucewa.

Bayan na fita takaba kafintan ya zo gaisuwa, na nuna masa shafin. Ya daɗe yana kallo.

"Uwargida, ai ba a barin jirgi a hanya. Ki rubuta."

Na ce rubutuna ba kyau, firamare kaɗai na yi. Ya ce na marigayin ma ba wani kyau ne da shi ba. Ran nan na fara dariya.

Na ɗauko biro na rubuta: Ya sauka lafiya. Ƙugiya ta kama. Mutum uku sun fito.

Sannan na naɗe fikafikan, na ɗora jirgin a kan kabad, na zauna a bencin na ci tuwona.