Katin da Saje Bitrus Bai Ƙarasa Ba

Wata takwas ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu cewa na bar ɗinki da masu cewa na tafi ci-rani, yau ga gaskiya: tarin fuka na yi.

Da tari ya fara, na ce ƙurar yadi ce. Sai rama, har wandon da na ɗinka wa kaina ya koma sai na ɗaure da igiya. Ranar da na ga jini a kakina, na ajiye ɗinki na tafi neman magani.

A asibiti aka gwada kaki, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ɗora ni a sikeli. Magani kyauta ne, amma kuɗin hoto da mota da abinci sai da suka cinye keken ɗinkina guda.

Likita ya ce, "Wata shida, kullum da safe kafin ka ci komai. In ka katse, ciwon zai dawo, kuma ba lallai ya ji wannan maganin ba. Kawo wanda zai riƙa kallonka kana haɗiya, yana sa alama a kati."

Nan ake yinta. A gida an ware min kofi da kwano. Abokan shayi kuwa daga bakin titi suke ɗago min hannu. Ban ga laifinsu ba, amma na yi kuka.

Wanda ya karɓi katin maƙwabcinmu ne a nan Boɗinga, Saje Bitrus. Tsohon soja ne, mutumin Zuru, Kirista mai riƙo da addininsa. Duk unguwa ta san muryarsa da asuba yana waƙar coci da iyalinsa. Da kansa yake goge wa matarsa, Mama Rifkatu, zannuwan Lahadi, muna yi masa tsiya, yana cewa wanda ya goge kakin soja shekara da shekaru ba zani zai gagare shi ba.

Ƙarfe shida daidai zai buga ƙofa sau uku. Mu zauna a gindin darbejiya, ya zuba min ƙwayoyin a tafi. In na haɗiye ya ce, "Buɗe baki in gani." Ni da 'ya'ya uku! Sannan ya ja layi a kati, miƙaƙƙe kamar da rula. Ya ce, "Yi addu'arka, in yi tawa." Ko ranar Lahadi sai ya biyo ta wurina kafin coci.

Maganin ba wasa ba ne. Fitsari ya koma ja, gaɓoɓi suna ciwo, zuciya tana tashi.

A wata na uku na ji ƙarfi, taurin kaina ya motsa. Na ce na warke. Na sulale zuwa Shagari wurin yayana ban gaya wa kowa ba.

Washegari da safe ina shimfiɗe a zaure sai na ji bugu uku. Saje ne ya bi sawuna, ya sauko daga mashin, da kati a aljihu. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Sanusi, mi nay yi maka? Mai gadi ba shi barin wuri sai wanda za ya canje shi ya taho. Buɗe baki."

Ranar na lura ƙafafunsa sun kumbura, takalmin ma bai ɗaure ba, yana haki. Na tambaya, ya ce tsufa ne. Ashe ciwon zuciya ne, an ce ya huta, ni kuma na sa shi hawan mashin. Wannan abu har yau yana cin raina.

Saura kwana ashirin da uku in gama, ya rasu da la'asar, Littafi Mai Tsarki a kan cinyarsa.

Ban ɓoye muku ba, na yanke a raina na bar maganin. Na ce wa zan buɗe wa baki kuma?

Washegari ƙarfe shida na safe aka buga ƙofa sau uku.

Mama Rifkatu ce, idanunta a kumbure, gidanta cike da masu gaisuwa. Ta ce, "Tun makon jiya yac ce in ya hwaɗi, in karɓi gadi. Zamna, ɗana."

Ta ja layin, ya fito a karkace. Haka ta yi ta zuwa har ranar ƙarshe.

Gwajin ƙarshe ya nuna babu ciwo. Alhamdulillahi. Na koma kan keke.

Na gode wa Allah, da ma'aikatan asibiti, da matata da ta yi haƙuri da ni. Allah ya ba Mama Rifkatu da 'ya'yanta haƙuri.

'Yan'uwa, tarin da ya wuce mako biyu a je a gwada. In an fara magani kada a katse, ko da an ji sauƙi. A buɗe tagogi, amma kada a guji mara lafiya. Kuma wanda yake jinyarka, ka dubi ƙafafunsa shi ma.

Da za a karɓi katin a asibiti na roƙa na ɗauki hotonsa. Shi ne na sa a ƙasa. Ku duba inda layukan suka fara karkacewa.