Mai Famfon da Ya Huda Bokitai

Baba Mai Famfo muke ce masa. A saman benenmu yake, shi da matarsa Inna, ba ɗa ba jika. Duk rayuwarsa toshe yoyo yake yi, mutumin da ko ɗigon ruwa ya ji a gidan wani sai ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Da yaƙin nukiliya ya lafa, toka mai guba ta yi ta sauka, maƙwabta suka watse, muka rage mu uku. Baba ya naɗe tankin ruwa da leda, ya liƙe bakin kowane bututu. Gwangwanin abinci sai ya goge shi tas kafin ya buɗe. Ranar da na shiga ɗakinsu da takalmin waje, kai, na sha faɗa kamar na yi sata.

Damuwarsa ɗaya ce, Inna. Tsufa ya taɓa mata kai, yaƙin ma ba ta san an yi ba. Tun tana yarinya, da an fara ruwan sama take fita da bokitai, ga shi yanzu ruwan saman ne ke wanko gubar. Ya yi bayani, ya yi lallashi, a banza. Ya ɓoye bokitan ta yi ta kuka. Sai ya ɗauki ƙusa ya huda gindin kowanne, har kwanonin wanke-wanke. Wallahi da na ga yana huda su, ban iya tsayawa ba.

Dabarar ta yi aiki. Inna takan jera su a baranda, ta dawo ta ce, "Malam, ruwan bana ba albarka." Shi kuwa ya ce, "Haka ne," ya ɗebo mata na tanki.

Wata safiya bayan an yi ruwa, Baba ya same ta zaune bakin gado, fuska a sake. Ta jawo wani ƙaramin kofi daga ƙarƙashin gadon, wanda bai taɓa sanin tana da shi ba. Ashe ta daɗe tana tara ruwan sama da shi ta taga tana sha.

"Na rage maka rabi," ta ce.

Ba ta kai ƙarshen damina ba. Har yau ina jin haushin kofin nan, ina kuma tausayin tsohon. Tankin yana nan a naɗe, kullum yana duba liƙin, ruwan mutum biyu ne a ciki. In na hau gaishe shi, yakan ce in sha da yawa, ya yi masa yawa.